Tarihin Miyazawa Kenji, Marubucin Ƙauye da Daji

An haifi Miyazawa Kenji ranar 27 ga Agusta, 1896, a garin Hanamaki da ke yankin Iwate, a arewacin Japan. Ƙasarsu ta duwatsu ce da dazuzzuka. Shekarar da sanyi ya yi yawa, shinkafa ba ta nuna, manoma su shiga yunwa. Mahaifinsa mai hali ne, yana ba da rance bisa jingina, yana kuma sayar da gwanjo. Tun yana yaro Kenji yake ganin manoma suna kawo kayansu jingina don su ci abinci, abin ya tsaya masa a rai.

Ya yi karatu a babbar makarantar koyon noma da kula da daji ta Morioka, ya gama a 1918. Daga 1921 ya koyar a makarantar aikin gona ta garinsu. A 1924 ya fitar da littafin waƙoƙi da na gajerun labarai, amma ba su samu kasuwa ba.

Jaruman labaransa su ne manoma da mafarauta da yaran ƙauye, har da dabbobi da itatuwa. A ɗaya daga cikinsu akwai wani yaro mai suna Kenju, wanda mutanen ƙauye suke yi wa kallon wawa. Abu ɗaya ya taɓa roƙon iyayensa: su saya masa dashen itacen sugi guda 700, wato wani dogon itace da ake yin katako da shi. Ya dasa su a bayan gida, ana ta yi masa dariya. Wani maƙwabci ya doke shi don ya ƙi sare su. Kenju ya mutu, aka sayar da gonaki, ƙauye ya zama gari, amma iyayensa suka ƙi sayar da filin. Nan ne ya zama wurin wasan 'yan makaranta, daga baya aka sa wa wurin sunansa.

A 1926 Kenji ya ajiye koyarwa, ya koma noma da hannunsa. Yana bin ƙauyuka yana duba gonaki, yana rubuta wa kowane manomi irin takin da ya dace da ƙasarsa, ba ya karɓar ko sisi. Wahalar aiki ta kayar da shi, ciwon huhu ya kama shi. Kwana ɗaya kafin ya mutu, sai da ya zauna da wani manomi da ya zo neman shawara kan taki. Ya mutu ranar 21 ga Satumba, 1933, yana da shekara 37. Ƙanensa Seiroku ne ya adana rubuce-rubucensa, aka buga su bayan mutuwarsa. Yau yaran Japan suna karanta labaransa a makaranta.

'Yan uwa ɗalibai, mu ma a nan Mada kullum muna ganin itace da gawayi ana lodinsu a bakin hanyar Gusau zuwa Tsafe, masu dashe kuwa ba su da yawa. Idan damina ta sauka, kowane aji ya dasa darbejiya ko mangwaro a harabar makaranta, ya kewaye shi saboda awaki. Masu son rubutu kuma su dubi gida: mai faskare, makiyayi da manomin gindin Dutsen Kwatarkwashi, kowa yana da labarin da ya isa a rubuta.

Daga Ƙungiyar 'Yan Jarida ta Makaranta