Mai Bisharar da Aka Sallama

Karatu: Luka 10:25-37

A arewa maso yammacin birnin Paris na ƙasar Faransa, tafiyar kilomita kamar 30, akwai wani ɗan tsohon gari a bakin kogin Oise, ana kiransa Auvers. Baƙi daga ko'ina cikin duniya suna zuwa su zaga shi da ƙafa. An kakkafa alluna a bakin hanya, kowane allo da hoton zanen da wani mutum ya yi yana tsaye a daidai wurin. Sunan mutumin Vincent van Gogh. Kwana 70 kacal ya yi a garin, amma ya bar zane fiye da 70. Duniya ta san shi a kan mai zane. Kaɗan ne suka san cewa ɗan fasto ne, shi kansa ma ya taɓa yin aikin bishara.

An haife shi ran 30 ga Maris, 1853, a ƙauyen Zundert a ƙasar Holan, inda mahaifinsa yake kiwon wata 'yar ƙaramar ikkilisiya. Yana saurayi ya yi aiki a kantin sayar da zane-zane, aka kore shi. Ya haye Ingila yana koyarwa, can ne ya yi wa'azinsa na fari a watan Oktoba, 1876, a wata majami'ar Metodis kusa da Landan. Ya koma gida da nufin ya yi karatun fasto, amma Helenanci da Latin suka gagare shi. Ya gwada wata makarantar masu bishara a Beljiyam, wata uku, nan ma bai samu shiga aiki ta hannunsu ba.

A watan Janairu, 1879, wani kwamitin bishara ya ɗauke shi gwaji na wata shida, a kan faran 50 a wata, ya aike shi Borinage, ƙasar masu haƙar kwal. Wanda ya taɓa ganin samarinmu da suke shiga ramukan zinariya wajen Kurmuk zai gane irin rayuwar. Vincent ya shiga rami da kansa, zurfin mita 700, don ya ga inda tumakinsa suke wuni. Ya bar ɗakin da aka kama masa, ya koma wata bukka yana kwana a kan ciyawa. Ya rabar da tufafinsa da kuɗinsa. Da wani rami ya fashe a watan Afrilu na shekarar, mutum fiye da 100 suka mutu, yana cikin masu jinyar waɗanda suka ƙone. Da wata shida suka cika, kwamitin ya zauna. Sun yaba da sadaukarwarsa ga marasa lafiya, amma suka ce ba shi da baiwar magana, suka sallame shi.

Mu da muke zama a kwamiti, mu lura da wannan da kyau. Mai yiwuwa gaskiya suka faɗa game da bakinsa. Amma sallamar mutum aiki ne na yini guda, riƙe shi bayan sallama kuwa shi ne kiwo. Ya yi fiye da shekara yana gararamba a yankin cikin yunwa, kafin a 1880, da taimakon ƙanensa Theo, ya kama zane gadan-gadan.

Kada mu mai da shi waliyyi. Ya yi nisa da ikkilisiya. A Kirsimeti na 1881 ya ƙi zuwa sujada, suka yi cacar baki da mahaifinsa har ya bar gida. Ya zauna da mace ba aure, ya sha giya, yana da zafin rai. A garin Arles, a kudancin Faransa, a watan Disamba, 1888, ciwon taɓin hankali ya buge shi har ya yanke kunnensa, daga baya maƙwabta suka rubuta takarda a raba su da shi. Ya kai kansa gidan jinya a Saint-Rémy, ya shekara guda. Amma dubi abin da hannunsa ya zana a can a watan Mayu, 1890, yana kwaikwayon manyan masu zane na dā: tashin Li'azaru daga matattu, da kuma Basamariyen nan na karatunmu na yau, yana ɗora mai rauni a kan dabbarsa, firist da Balawe kuwa sun ba da baya, sun yi nisa, sun zama ƙanana a kan hanya.

Ran 20 ga Mayu, 1890, ya iso Auvers, a hannun wani likita mai suna Gachet. Mai zaga garin yau yakan fara daga masaukin Ravoux, ya hau bene ya ga ɗakinsa, ɗan ƙurmusus a ƙarƙashin rufi, da taga guda a sama. Daga nan hanya ta hau tudu zuwa tsohuwar majami'ar garin, wadda ta haura shekara 700. Vincent ya zana ta. Ta bayan ginin ya tsaya, don haka babu ƙofa a cikin zanen. Hanya ta iso gindin majami'ar ta rabu biyu, ta zagaye ta hagu da dama, wata mata tana wucewa ta gefe. Ni dai duk lokacin da na dubi hoton nan, 'yan'uwanmu nake tunawa a nan Rusairis da Damazin, waɗanda rikicin 2022 da yaƙin da ya ɓarke a 2023 suka bar su ba sa barci, suna magana su kaɗai, suna wucewa ta bayan majami'a ran Lahadi domin an riga an sa musu suna.

Gaba da majami'ar, hanya ta fita zuwa gonakin alkama. Ran 27 ga Yuli ya komo daga gonakin da mummunan rauni, wanda akasarin masana tarihi suka yarda shi ya yi wa kansa. Ya rasu ran 29 ga wata, Theo yana gefensa, yana da shekara 37. Firist na garin ya hana keken ɗaukar gawa na ikkilisiya, sai daga garin Méry, ƙetaren kogi, aka aro wani.

Theo, wanda ya ciyar da shi shekara 10, ya bi bayansa cikin wata shida. A 1914 matar Theo ta sa aka kawo ƙasusuwan mijinta daga Holan. Kaburburan biyu suna nan jere a jikin katangar makabarta, a bakin gonakin, ganye mai yaɗo ya lulluɓe su tare. Daga majami'ar zuwa wurin, tafiyar 'yan mintoci ce da ƙafa.