Fred Gaisberg, Mai Ɗaukar Murya a Faifan Garmaho

Duk wanda ya taɓa riƙe tsohon faifan garmaho mai hoton kare yana sauraron ƙaho, to, mai yiwuwa ya riƙe kayan kamfanin da Fred Gaisberg ya yi wa aiki shekara 41.

An haife shi a birnin Washinton na Amurka cikin 1873. Tun yana saurayi ya gwanance da kaɗa fiyano, har ya sami shiga wurin Emile Berliner, wanda ya ƙago garmaho mai faifai. Cikin 1898 aka aike shi Landan, ya zama mai ɗaukar murya na kamfanin Gramophone.

A zamanin nan ba a ɗaukar murya da lantarki. Mawaƙi yakan tsaya gaban wani ƙaho mai faɗin baki ya rera, muryarsa ta girgiza allura, allura ta yi zane bisa kaki. In ya cika ɗaga murya sai a ja shi baya, in ba haka ba faifan ya ɓaci. Manyan mawaƙa kuwa suka ɗauki abin wasan yara ne, suka ƙi zubar da girmansu a gabansa. Ga na'ura, amma ba wanda ya isa a saurara.

Ana nan, cikin 1902, ya ji Enrico Caruso yana waƙa a birnin Milan na Italiya. Caruso ya ce sai an ba shi fam 100 kan waƙa 10. Yadda Gaisberg ya faɗa a littafinsa, manyansa na Landan sun bugo waya sun hana, wai kuɗin ya yi yawa, shi kuwa ya yi kunnen uwar shegu. A ɗakin masauki aka ɗauke waƙoƙin rana guda. Fayafayan suka yi kasuwa ƙwarai, waɗanda suka ƙi a da suka soma zuwa da kansu. A ganina, wannan ƙarfin hali ya fi gwanintarsa ta allura amfani.

Cikin shekaran nan ya shiga jirgin ruwa zuwa Indiya, ya ɗauki muryar zabiya Gauhar Jan a Kalkata. Ita takan faɗi sunanta a ƙarshen kowace waƙa, don kada masu buga faifai a Jamus su ruɗe. Daga nan ya zarce Japan da Sin.

Ya bar aiki cikin 1939, ya mutu a Landan cikin 1951.