Karl Jansky: Injiniyan da ya bi sawun hayaniyar rediyo har tsakiyar taurari

A shekarar 1928 kamfanin Bell Telephone Laboratories na Amurka ya ɗauki wani matashi mai suna Karl Jansky aiki. An haife shi ranar 22 ga Oktoba, 1905, a garin Norman da ke jihar Oklahoma, ya kuma karanci kimiyyar fiziks a Jami'ar Wisconsin. Aikin da aka ɗora masa ba na neman suna ba ne. Kamfanin na amfani da gajeren zango wajen haɗa kiran tarho tsakanin Amurka da Turai, amma hayaniya na cinye muryoyin masu magana. Aka ce ya gano daga ina take fitowa.

A Holmdel, jihar New Jersey, ya harhaɗa eriya mai tsawon kusan mita 30, ya ɗora ta kan ƙafafun mota ƙirar Ford guda huɗu, tana kammala zagaye ɗaya kowane minti 20. Da haka yake gane ta wace fuska ƙara ya fi ƙarfi. Bayan watanni yana sauraro a kan megahaz 20.5, ya raba hayaniyar gida uku: tsawar kusa, tsawar nesa, sai wani siririn huci marar yankewa.

Na ukun ne ya hana shi sukuni. Da farko ya zargi rana, domin hucin na fitowa ya faɗi sau ɗaya a yini. Amma da tafiya ta yi nisa sai ya lura kullum yana riga rana da minti huɗu, wato yana dawowa bayan awa 23 da minti 56. Wannan lissafin taurari ne, ba na rana ba. Jansky ya tabbatar cewa sautin na zuwa ne daga tsakiyar rukunin taurarinmu, Milky Way, ta ɓangaren Sagittarius. Ranar 5 ga Mayu, 1933, jaridar New York Times ta buga labarin a shafin farko.

Nan kuma aka tsaya. Ya nemi a gina masa babbar eriya mai siffar faranti domin ya zurfafa bincike, kamfanin ya ƙi. Ta fuskar kasuwanci an riga an sami amsa: hucin bai kai ya dami tarho ba. Ga kuma karayar tattalin arziƙi, masana taurari su ma ba su ɗauki zancen da muhimmanci ba. Abin mamaki, wanda ya ci gaba da aikin wani mai sha'awar rediyo ne, Grote Reber, da ya gina faranti a bayan gida a jihar Illinois a 1937 da kuɗin aljihunsa.

Jansky, wanda ya daɗe yana fama da ciwon ƙoda, ya rasu ranar 14 ga Fabrairu, 1950, yana da shekara 44. A 1973 masana taurari na duniya suka sa sunansa a kan ma'aunin ƙarfin igiyoyin rediyo da ke zuwa daga sararin samaniya.