Taƙaitaccen Tarihin John Boyd Dunlop, Likitan Dabbobin da Ya Hura wa Taya Iska

Duk wanda ya bi ta unguwar Shehuri da sanyin safiya, ya ratsa ta gaban fadar Shehun Borno zuwa Kasuwar Monday, zai ga kekuna iri-iri suna kai da kawowa: na ɗalibai, na leburori, na 'yan kasuwa da suka ɗaure kaya a baya. Hawan keke ya ƙara yawa a Maiduguri tun daga watan Yuli na 2011, lokacin da gwamnatin jihar Borno ta hana hawan babur a cikin gari saboda matsalar tsaro. A jikin kowace taya ta waɗannan kekuna akwai wani ɗan ƙarfe da bai kai tsawon ɗan yatsa ba, wanda ba a tunawa da shi sai ranar da iska ta zurare. Shi ne bawul. Irin wanda aka fi sabawa da shi a tsofaffin kekunanmu ana kiransa da sunan Dunlop, kuma mai wannan suna shi ne wanda za mu kawo tarihinsa, duk da cewa, kamar yadda mai karatu zai gani, ba shi ya ƙera bawul ɗin ba.

Haihuwarsa da Karatunsa

An haifi John Boyd Dunlop ranar 5 ga Fabrairu, 1840, a ƙauyen Dreghorn da ke ƙasar Sikotlan, a gidan manoma. Da yake ya tashi cikin dawaki da shanu, sai ya tafi birnin Edinbara ya koyi aikin likitan dabbobi. A shekarar 1867 ya haye teku zuwa ƙasar Ayalan, ya fara zama a garin Downpatrick, daga bisani ya koma Belfast inda aikinsa ya bunƙasa ƙwarai. Ya auri Margaret Stevenson a 1871, suka haifi ɗa da 'ya. Har ya kai shekara arba'in da bakwai babu abin da ya haɗa shi da sana'ar keke. Mutum ne mai dogon gemu, mai rufin asiri, wanda aikinsa duba kofaton doki ne da ba saniya magani.

Yadda Abin Ya Faro

A wancan zamani tayar keke roba ce daskararriya, babu iska a cikinta, titunan Belfast kuwa da duwatsu aka shimfiɗa su. Ɗansa Johnnie, yaro ɗan kimanin shekara goma, yana da keke mai ƙafa uku, kuma duk lokacin da ya hau sai jijjiga ta gallabe shi. A ƙarshen shekarar 1887 Dunlop ya samo faifan katako, ya haɗa wani bututu da fallen roba, ya hura masa iska da famfon ƙwallon ƙafa, ya lulluɓe shi da ƙyalle mai kauri, sannan ya kafe shi a gefen faifan. Ya fita tsakar gida ya mirgina wannan faifai tare da ƙafar keken yaron. Ƙafar keken ta tsaya a hanya, faifan nan mai iska kuwa ya wuce har ya bugi ƙofa ya dawo baya.

Wannan gwaji ya nuna abin da mutane da yawa ba su zata ba. Kowa zai yarda cewa taya mai iska ta fi laushi, amma ana ganin laushin nan zai sa ta yi nauyin tafiya. Ashe daskararriyar taya duk tsakuwar da ta taka sai ta ɗaga keken da mahayinsa gaba ɗaya, ƙarfi ya tafi a banza, ita kuwa mai iska sai ta lanƙwashe ta haɗiye tsakuwar ta wuce. Ke nan ga sauƙi ga sauri. Ranar 7 ga Disamba, 1888, aka ba Dunlop takardar shaidar mallakar wannan ƙirƙira.

Da farko dariya aka yi ta yi wa tayar saboda kaurinta. Abin da ya rufe bakin masu dariya shi ne tseren da aka yi a wasannin Kwalejin Queen's ta Belfast ranar 18 ga Mayu, 1889, inda Willie Hume, wanda ba a sa shi cikin gwanaye na gaba-gaba ba, ya hau keke mai tayar Dunlop ya cinye duk tsere huɗun da ya shiga. Cikin waɗanda ya kayar har da 'ya'yan wani attajiri na Dublin mai suna Harvey du Cros. Maimakon ya yi fushi, attajirin nan sai ya hango kasuwa. Kafin shekarar ta ƙare ya haɗa kai da Dunlop sun kafa kamfani a Dublin.

Ashe An Riga Shi

Murna ba ta daɗe ba. A 1890 aka sanar da Dunlop cewa takardarsa ba ta da ƙarfi a gaban doka, domin wani ɗan ƙasarsu, Robert William Thomson, ya riga ya yi rajistar taya mai iska tun 1845, lokacin Dunlop yana ɗan shekara biyar. Thomson ya yi tasa ne don keken doki, aka gwada ta a Landan ta kuma yi aiki, sai dai roba tana da tsada a lokacin, keken hawa irin na yau kuma bai fito ba, don haka aka manta da ita. Ya rasu a 1873. Babu alamar Dunlop ya san da aikin Thomson, kuma a ganina ba za a kira shi mai satar fasaha ba. Abin da za a ce shi ne ya zo a kan gaɓa, lokacin da duniya ta cika da kekuna masu jiran irin wannan taya.

Da takardar ta faɗi, du Cros ya ceci kamfanin ta hanyar sayen fasahohin wasu. Tayar Dunlop ta farko manne take da ƙafar keke da gam da ƙyalle, in ta huje sai an yi kusan fiɗa kafin a kai ga robar ciki. Sai kamfanin ya sayi dabarar Charles Welch, wato taya mai waya a gefenta wadda ake cirewa a mayar, irin dai wadda mai faci yake ɓalle mana yau cikin minti biyu. Haka kuma bawul ɗin da Dunlop ya fara sawa bai gamsar ba, sai aka maye gurbinsa da wanda Charles Woods ya ƙera a 1891. Wannan bawul na Woods shi ne ya zagaya duniya da sunan Dunlop.

Bawul Uku

Bari mu ɗan dakata a nan, tunda abin ya shafi aljihun mai keke. Bawul ɗin Dunlop tsinke ne mai rami a ciki da ɗan huji a gefe, an saƙa masa siririyar roba kamar hannun riga. In an buga famfo, iska ta ɗaga robar ta shige; in an daina, iskar da ke ciki ta danne robar a kan hujin. Shi ke nan, babu wani abu da ke motsi. Wani ɗan noti ne yake riƙe da tsinken, da an kwance shi iska ta fice gaba ɗaya, abin da yaran makaranta suka daɗe da ganewa in suna son tsokanar abokinsu. Rauninsa ita ce robar nan, wadda zafi irin na Maiduguri a watan Afrilu yake busarwa ta tsage. Sau da yawa mai keke yakan yi zaton ƙaya ya taka, alhali robar bawul ce ta mutu. Gyaran kuwa ba ya wuce canjin aljihu, ba sai an sayi sabuwar robar ciki ba.

Na biyu shi ne na Schrader, wanda kamfanin August Schrader, wani Bajamushe mazaunin New York, ya yi wa rajista a Amurka a 1893. Shi ne a jikin mota da babur da Keke Napep. Yana da ɗan tsinke a tsakiya wanda waya mai naɗi take turowa, kuma kaurinsa milimita 8 ne. Na uku shi ne Presta, ɗan Faransa, siriri mai milimita 6, wanda akan gani a kekunan tsere da wasu na gwanjo da ake shigowa da su daga Turai.

Ga mai zirga-zirga kullum daga Shehuri zuwa kasuwa ko jami'a, ni dai na fi karkata ga Schrader, saboda duk mai facin da ke bakin titi yana da bakin injin da ya dace da shi, ana kuma iya auna yawan iskar, abin da yake da wuya a tsohon samfurin Dunlop. Sharaɗinsa kawai a riƙa rufe shi da hularsa, don ƙurar hunturu tana shiga ta hana tsinken zama daidai. Wanda yake da famfon hannu a gida kuwa, Dunlop ya ishe shi. Abin daɗin shi ne hujin da ke jikin ƙarfen taya ɗaya ne ga su biyun, ana iya sauya wannan da wancan. Presta ne mai rigima: hujinsa ƙarami ne, sauran biyun ba sa shiga, kuma in babu ɗan mahaɗin da ake ɗaura masa, mai faci zai juya shi ya juya ya ba ka haƙuri.

Ɗalibin harshe zai lura cewa kalmomin wannan sana'a kusan duk aro ne daga Ingilishi: taya, faci, famfo, noti, bawul. A kalmar bawul an mayar da sautin farko zuwa b tunda Hausa ba ta da irinsa, an kuma warware cunkoson baƙaƙen da ke ƙarshe. Shi ma sunan Shehuri yana da nasa darasin, domin ɗafin -ri a Kanuri wuri yake nunawa, wato wurin Shehu.

Ƙarshen Rayuwarsa

Dunlop ya bar aikin dabbobi ya koma Dublin a 1892, amma zamansa da kamfanin bai yi tsawo ba. Wajen tsakiyar shekarun 1890 ya janye, ya sayar da mafi yawan hannun jarinsa. A 1896 aka sayar da kamfanin a kan fam miliyan 3, wanda ya saya kuma ya sake sa shi a kasuwa a kan fam miliyan 5. Kaɗan ne daga wannan dukiya ya shiga hannun mai sunan. Can wani gefen kuma, buƙatar roba da taya mai iska ta haifar tana cikin abin da ya jawo wa mutanen Kwango azabar tattara roba a ƙarƙashin Sarki Leopold na Biyu na Beljiyam, duk da cewa Dunlop ba shi da hannu a ciki.

Ya ƙarasa rayuwarsa cikin natsuwa, yana da jari a wani kantin tufafi a Dublin. Abin da ya ɓata masa rai a tsufansa shi ne yadda kamfanin yake zana shi a tallace-tallace a matsayin tsoho ɗan gaye, har ya kai su kotu a 1920. Ya rasu ranar 23 ga Oktoba, 1921, a unguwar Ballsbridge ta Dublin, yana da shekara 81, aka binne shi a maƙabartar Deansgrange. Bayan shekaru da dama wani banki a Ayalan ta Arewa ya buga hotonsa a takardar fam goma.

Sunansa ya iso Nijeriya da ƙarfi a farkon shekarun 1960, lokacin da kamfanin Dunlop ya kafa masana'antar taya a Ikeja ta Legas, har ya kai ga ana kiran wasu silifas na roba da sunan. Masana'antar ta daina yin taya a 2008.