Charles Bonnet: ɗalibin shari'ar da ya gano yadda darɓa ke haihuwa ba namiji

Duk wanda ya taɓa noman wake ko gyaɗa a Maraɗi ko Damagaram ya san darɓa. Yau a ga ƴan ƙwari baƙaƙe ƙalilan a bayan ganye, kafin sati biyu sun lulluɓe kan tsiron, ganyen ya nannaɗe yana danƙo. Sirrin wannan yaɗuwa shi ne macen darɓa ba ta jiran namiji kafin ta haihu. Wanda ya fara tabbatar da haka ta hanyar gwaji wani saurayi ne mai shekara 20, Charles Bonnet.

An haife shi ranar 13 ga Maris 1720 a birnin Jeneba, wanda yau ke cikin ƙasar Suwizalan. Kakanninsa ƴan gudun hijira ne da suka bar Faransa saboda rikicin addini. Tun yana yaro kunnensa ya yi nauyi, makaranta ta gagare shi, aka ɗauko masa malami a gida. Mahaifinsa lauya yake so ya zama, kuma ya bi umarni har ya sami digirin shari'a a 1743, amma hankalinsa na wurin ƙwari. Yana ɗan shekara 16 ya karanta wani littafi kan halittu, daga nan ya faɗa rubuce-rubucen Réaumur, babban masanin ƙwari na Faransa, har suka soma musayar wasiƙu.

Réaumur ne ya ba shi aikin da ya gagare shi shi kansa. An daɗe ana ganin darɓa na haihuwar ƴaƴa masu rai ba a ga namiji ba, amma rashin gani ba hujja ba ne. Sai an keɓe guda tun daga haihuwa, an raine ta ita kaɗai. Waɗanda Réaumur ya keɓe mutuwa suke yi kafin su girma.

Ranar 20 ga Mayu 1740 Bonnet ya ɗauki wata jaririyar darɓa da aka haifa a gaban idonsa, ya ɗora ta kan reshen wani icce, ya kifa gilashi a kai don kada wani ƙwaro ya shiga. Daga nan ya zama mai gadinta, tun asuba har dare, da madubin ƙara girma a hannu, yana rubuta rana da awa. Ta yi saɓa sau huɗu. Ranar 1 ga Yuni ta haifi ƴarta ta fari, zuwa 21 ga watan ta haifi 95. Réaumur ya kai labarin gaban cibiyar masana kimiyya ta Paris, wadda ta naɗa saurayin wakilinta a wannan shekarar.

Ɗan'uwansa Abraham Trembley, shi ma masani, bai gamsu ba. Ya kawo shakkar cewa wataƙila barbara ɗaya da aka yi wa uwa ko kaka ce ke aiki har kan jikoki. Shakkar tana da ma'ana, kuma abin yabo ne da Bonnet bai yi fushi ba. Ya koma bakin gilashi, yana keɓe ƴa daga uwa da zarar ta faɗo, har ya jera tsara tara ba namiji. Ya kuma ga wani abin da ya ƙara ɗaure kai: da kaka ta yi, maza sukan bayyana a wasu nau'o'in, a yi barbara, mata su saka ƙwai maimakon haihuwa. Ya tattara duk wannan a littafinsa na ilimin ƙwari na 1745.

Yau an san abin da ke faruwa. Ƴar da aka haifa ba uba kwafin uwarta ce, ƙwayoyin gadonsu ɗaya, kuma tun tana cikin uwar ta riga ta fara ɗaukar nata cikin. A ƙasashen sanyi, gajartar yini ce ke sa a haifi maza, domin ƙwai ne ke iya jure hunturu, barbarar kuma tana cuɗa gado. Inda babu irin wannan sanyi, kamar Nijar, darɓar wake kan zagaye shekara mata zalla. Idan wuri ya cika sai a haifi masu fiffike, iska ta kai su wata gona. Don haka dubban ƙwarin da ke kan kunya ɗaya na iya zama zuriyar uwa guda, kuma in uwar na jure maganin feshi, duk ƴaƴanta sun gaji haka. Wannan ƙwaron ne ke yaɗa kuturtar gyaɗa, cutar da ta yi wa manoman kudancin Nijar da arewacin Najeriya mummunar ɓarna a 1975.

Shi kuwa Bonnet, fassarar da ya yi wa abin da ya gani ba ta yi daidai ba. Ya ɗauka cewa tun farkon halitta kowane ɗa yana nan a ƙunshe, da siffarsa, cikin ƙwan uwarsa, haihuwa buɗewa ce kawai. Ya kare wannan ra'ayi a littafinsa na 1762, masana na baya suka rushe shi. Gwajin dai bai rushe ba.

Kallon ƙananan halittu bai bar idonsa lafiya ba. Tun bai kai shekara 30 ba ganinsa ya raunana har ya ajiye madubi. Ya ɗan yi bincike kan ganyen itatuwa, sannan ya koma falsafa, yana faɗa ana rubuta masa. Ya zauna a majalisar Jeneba daga 1752 zuwa 1768. Ya yi aure, Allah bai ba shi haihuwa ba.

A 1760 ya rubuta labarin kakansa, Charles Lullin, tsoho mai yanar ido wanda ke ganin mutane, tsuntsaye, kekunan doki da gine-gine da babu su, alhali hankalinsa garau, ya kuma san ba gaskiya ba ne. Bonnet ya danganta abin ga ƙwaƙwalwa da ke ƙirƙiro hotuna idan ido ya daina kai mata saƙo. Likitoci sun yarda da wannan bayani, kuma tun 1967 suke kiran larurar da sunansa. Tsofaffi masu raunin gani da yawa kan ɓoye ta don gudun a ce sun taɓu ko aljanu sun shafe su.

Bonnet ya ƙare rayuwarsa a gidan gonarsa na Genthod, a bakin tabkin Jeneba, kusan makaho kuma kurma. Ya rasu ranar 20 ga Mayu 1793, shekara 53 cif daga ranar da ya kifa gilashi kan darɓar nan.