Gani Odutokun, Gwanin Zane na Samaru

In ka fita daga birnin Zariya ka bi ta Sabon Gari ka miƙe hanyar Sakkwato, za ka isa wani gari da ake kira Samaru. A nan Jami'ar Ahmadu Bello take, wadda aka buɗe a shekarar 1962. Tun kafin a buɗe ta akwai wata babbar kwaleji a Zariya inda ake koyar da zane. Gwanaye da yawa sun fito daga wannan makaranta, ɗaya daga cikinsu kuwa shi ne Gani Odutokun.

An haifi Gani a shekarar 1946 a garin Nsawam, cikin ƙasar Gwalkwas, wadda yanzu ake kira Gana. Iyayensa Yarabawa ne mutanen Offa, neman abinci ya kai su can. Daga baya ya komo Nijeriya. Da ya gama makarantar sakandare sai ya kama aikin akawu. Amma ko da yake yana zaune gaban takardun lissafi, zuciyarsa na wajen zane. Abokansa suka ga irin baiwar da Allah ya yi masa, suka yi ta ƙarfafa masa gwiwa ya koma makaranta.

A shekarar 1972 ya shiga Jami'ar Ahmadu Bello, yana da shekara 26. Waɗansu za su ce ya makara, amma ai gemu ba ya hana ilmi. Ya sami digirinsa na farko a 1975, na biyu kuma a 1979. Jami'ar ta riƙe shi ya zama malami, ya yi ta koyarwa har ya zama shugaban sashen zane.

Gani yana da wata dabara ta aiki mai ban sha'awa. Yakan sirka fenti har ya yi ruwa-ruwa, sa'an nan ya zuba shi a kan ƙyallen zane, ya bar shi ya gangara inda ya ga dama. Ja ya haɗu da shuɗi, rawaya ta kutsa cikin kore. Wanda bai sani ba sai ya ce an yi ɓarna. Shi kuwa sai ya duba da kyau, ya ɗauki buroshi ya bi sawun fentin, ya gyara nan, ya ƙara can, har siffa mai kyau ta fito.

Wannan dabara tana da ma'ana. A ganinsa zaman duniya haka yake, akwai abin da mutum ya shirya, akwai kuma abin da ya faɗo masa ba shiri. Mai hankali ba ya zama yana kuka a kan abin da ya zube. Yakan natsu, ya duba abin kirkin da za a iya fitarwa daga ciki.

A zamaninsa soja sun daɗe suna mulkin Nijeriya, talakawa kuwa suna shan wuya. Abin ya dami Gani, amma bai ɗauki sanda ko dutse ba, buroshi ya ɗauka. Ya yi zane-zane na sarakuna, a cikinsu har da wani inda sarki ke raha da manyan hafsoshinsa. Duk mai lura in ya duba ya san da wa ake. Ta haka ya fitar da abin da ke cin ransa, ya kuma faɗi gaskiya ba tare da ya cuci kowa ba.

Ba shi kaɗai ya sami mafita wajen zane ba. Winston Churchill, wanda ya shugabanci Ingila lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, ya rasa babban muƙaminsa a shekarar 1915, baƙin ciki ya rufe shi. Sai ya soma zane yana da shekara 40, hankalinsa ya kwanta. Kafin ya mutu ya yi zane fiye da 500. Dalili kuwa shi ne, mai zane tilas ido da hannu da zuciya su taru wuri guda, saboda haka damuwa ba ta samun wurin zama.

A watan Fabrairu na 1995 Gani da waɗansu abokan aikinsa suka tafi Ikko wajen nunin zane-zane. A kan hanyarsu ta komowa suka yi haɗarin mota, Allah ya yi masa rasuwa yana da shekara 48. Mutanen jami'ar suka yi babban rashi. Amma ɗaliban da ya koyar sun bazu ko'ina, waɗansunsu ma sun zama malaman zane.

To, yara, ran da ranku ya ɓaci, kada ku huce a kan ƙannenku. Ku nemi takarda da fensir, ko gawayi da allo, ku zauna ku zana bishiyar ƙofar gidanku. In layi ya karkace kada ku yaga takardar. Ku duba da kyau, wataƙila reshe ne ya fito.