Muhammadu Alwali, Sarkin Kano na Ƙarshe daga Gidan Kutumbawa, da Tafiyarsa ta Ƙarshe a Duwatsun Ƙasar Rano

Muhammadu Alwali ɗan Yaji shi ne sarki na 43 a jerin da Kundin Tarihin Kano ya kawo, kuma da shi aka rufe mulkin Haɓe a birnin. Sunan mahaifiyarsa Baiwa. Ya hau gadon sarauta a 1781, bisa lissafin H. R. Palmer, wanda ya buga fassarar kundin da Ingilishi a 1908. 'Yan'uwansa biyu sun riga shi, Babba Zaki da Dauda Abasama, dukkansu 'ya'yan Yaji na biyu ne daga zuriyar Kutumbi. Kundin ya ce ya yi shekara 27 yana mulki, alhali daga 1781 zuwa 1807 shekara 26 ce. Babu saɓani a nan, domin marubucin kundin da shekarun hijira yake ƙidaya, waɗanda suka gaza na miladiyya da kimanin kwana 11.

Abin da aka fara ambata game da shi tanadi ne. Da hawansa ya shiga tara gero da dawa saboda tsoron yaƙi da yunwa, amma duk da haka yunwar ta riske shi. Wannan taƙaitaccen bayani ya nuna sarkin da ya hango abin da ke tafe, sai dai rumbunansa ba su kai girman masifar ba.

Labarin da ya fi bin sunansa shi ne na Dirki, abin tsafin nan da aka naɗe cikin fatu, wanda aka soma girmamawa tun zamanin Muhammadu Zaki. Manyan fadarsa suka nemi shanu 40 don yi masa yanka kamar yadda aka saba, suna gargaɗin cewa sarkin da ya hana zai gamu da sharri. Alwali ya ƙi, ya fusata, ya tura samari da gatura suka farfasa shi, sai ga Alƙur'ani kyakkyawa a ciki. A nan akwai abin da ya kamata mai nazari ya tsaya a kai. Sarkin da masu jihadi suka yaƙa bisa hujjar gauraya Musulunci da al'adun gargajiya, shi ne ya rusa fitaccen abin da ke alamta wannan gaurayen. Ke nan yana iya yiwuwa ya ɓata da masu riƙe da tsohuwar al'adar fada, kuma bai samu amincewar malaman da ke neman gyara ba, ya tsaya tsakanin ɓangarori biyu ba tare da ya mallaki ko ɗaya ba.

Bayan hijirar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo zuwa Gudu a 1804, jama'arsa ta ƙasar Kano ta taru a Kwazazzabon 'Yar Kwando, ƙarƙashin malamai irin su Malam Jamo na Sulluɓawa, da Malam Bakatsine na Joɓawa, da Malam Ɗanzabuwa na Danejawa, da Dabon Dambazau. Alƙali Muhammadu Zangi ya bayyana waɗannan yaƙe-yaƙe a littafinsa Taƙyidil Akhbar, daga mahangar waɗanda suka yi nasara. An shafe shekara uku ana gwabzawa, har aka yi karon Ɗanyaya, inda rundunar Alwali ta karye duk da gudummawar Katsina da Daura.

Daga nan rayuwarsa ta koma tafiya. Ya bar Kano ya nufi Zariya, nisan kusan kilomita 150, tafiyar kwanaki ga mahaya da 'yan rakiya masu kaya. Zazzagawa ba su yi masa maraba ba. Da suka tuhume shi kan barin birninsa, ya amsa musu cewa abin da ya fitar da shi daga Kano yana iya fitar da su daga Zariya, kuma ransa ya gudar, ba mata ko dukiya ba. Suka kore shi da zagi. Sai ya juya ya shiga ƙasar Rano.

Zaɓin wannan yanki ba na ruɗewa ba ne. Kudancin Kano ƙasa ce ta duwatsu, ba kamar shimfiɗaɗɗen filin da ke kewaye da birni ba. Daga Rano zuwa Rurum da Kibiya, har gangarawa Tudun Wada, manyan duwatsu ne ke tasowa cikin daji, kuma tsofaffin garuruwa sukan jingina da su don tsaro. A irin wannan wuri dawaki ba sa sakin jiki, 'yan baka kaɗan suna iya tare mashiga. Haka kuma Rano ɗaya ce daga cikin Hausa Bakwai, mai tsohuwar sarauta tata, ga daɗaɗɗiyar alaƙa da gidan sarautar Kano: tun a ƙarni na 14 Yaji na ɗaya ya kori Sarkin Rano daga Zamnagaba, ya zauna a yankin shekaru da dama. Duwatsun da wani Sarkin Kano ya shiga da ƙarfin mamaya, su ne na ƙarshensu ya shiga yana neman mafaka.

A Burumburum, wadda a yau take cikin ƙaramar hukumar Tudun Wada, ya yi tsayuwarsa ta ƙarshe. Mayaƙan jihadi suka bi sawunsa har can, suka kashe shi a 1807. Kundin ya rufe babinsa da gajerun jimloli, babu kirari babu jimami, saɓanin yadda ya yi wa kakansa Kutumbi. Malam Sulaimanu ne ya zama sarkin Fulani na farko a Kano.

Zariya kuwa ba ta daɗe ba. A ƙarshen 1808 Malam Musa ya ci birnin, Sarki Muhammadu Makau ya fice ya yi kudu zuwa Zuba, daga baya ɗan'uwansa Abu Ja ya kafa garin Abuja a 1828, wanda yanzu ake kira Suleja.